Na Ɓoye wa Ɗalibar Ungozoma Ciwon Kaina

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ranar wata Laraba ce, cikina wata takwas. Ungozomar da ƙaramar hukuma ke turowa gida ta wuce wajen wata mai naƙuda da na'urar awon jini, sai ɗalibarta ta shigo ita kaɗai da jaka da katina na awon ciki. Yarinya ce sa'ata, mai sanyin hannu. Ta zauna bakin gado ta tambaye ni ko ina ciwon kai, ko ina ganin dishi-dishi. Kwana uku ke nan ina fama da duka biyun. Amma surukata na zaune kan kujera, kuma kullum faɗanta littattafan soyayyar da nake tarawa ƙarƙashin filo za su kashe min ido. Na zaci karatun ne. Na ji tsoron a kwashe su, sai na ce lafiyata ƙalau. Sau biyu ta tambaya. Haka ta rubuta.

Bayan kwana huɗu jijjiga ta kama ni a tsakar gida. Na farfaɗo a asibiti, ɗana bai zo da rai ba. A littattafai jarumar takan farka ta ga jinjiri a gefenta, mijinta na murmushi. Ni bango na gani.

Yanzu an dakatar da yarinyar, saura wata biyu ta gama karatu. Dangin mijina sun kai ƙara cewa ko tambayata ba ta yi ba, alhali a gaban surukata ta yi. Mijina yana lallashina yana tsine mata. Kwamitin bincike ya kira ni ranar Litinin. Na yanke zan je in faɗi gaskiya. Abin da ban sani ba, ko zan dawo in tarar da sauran aure.

Mai Kuka a Ɓoye

Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne.

Kin yi kuskure, ba zan rufe miki ba. Amma ba ke kaɗai ba ce. Bai kamata a bar ɗaliba ta shiga gida ba babba, ba abin awo ba, kuma irin wannan tambaya a keɓe ake yin ta, ba a gaban suruka ba. Wannan ma kwamitin na bukatar ji, don gobe wata za a tambaya. Ki faɗi abin da ya faru daki-daki, kada ki ƙara, kada ki rage, kada kuma ki ɗora wa kanki hukuncin da ba ke za ki yanke ba.

Sai dai kada mijinki ya fara ji a bakin kwamiti. Ki gaya masa kafin Litinin, ku biyu. In kina tsoro, ki kira yayarki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Zai iya yin fushi, shi ma ɗa ya rasa. Ban isa in yi miki alkawarin yadda zai ɗauka ba, amma zaman da kike yi yanzu cin ki yake.

Ki koma a duba jininki. Littattafanki kuma ba su kashe kowa ba, shirun ne za ki daina. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar mijinki, ya mayar da yarinyar nan ajinta.