Ni ba maroƙi ba ne

Asabar da dare, Daura

Yau na fara riƙe makirfo gaban jama'a, a bikin abokina Nura a Mai'adua. Tun ƙaramar sallah nake gyaran waƙar rap ɗin nan a kan samarinmu masu zaman kashe wando. Ko baiti ɗaya ban ƙarasa ba, kawun ango ya sa aka kashe kiɗan.

"Kai yaro, surutun ya isa haka. Wasa mana Alhaji uban amarya!"

Don kunyar Nura na jero wa Alhajin kirari, zuciyata na tafasa. Wai sai a nan aka yi tafi da guɗa. Haba!

Kafin in iso gida bidiyon kirarin ya riga ni. Baba ko kallona bai yi ba, ya ce da Inna, "Tambayi ɗanki, roƙon nan wa ya gada?"