Ɗigon Da Kuka Bari A Bakin Daji

Zuwa ga Manajan Shiyyar Katsina,
Kamfanin maganin dabbobi da nake yi wa aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ma'aikata, ina yi maka barka da damina. Sunana Sada Mamman, ɗaya daga cikin masu babura da kuka ɗauka domin kai maganin tsutsa da allurar shanu ƙauyuka da rugage tsakanin Batsari da Safana. Gidana yana wani ƙauye gab da Darini. Ban ambaci sunan kamfani ba, don ban zo tozarta kowa ba. Na rubuta a fili ne saboda a fili abin ya same ni, kuma na buga waya ofishinku har na gaji da jin "za mu duba".

Magana ce a kan na'urar GPS da kuka ɗaura a kan babur ɗina, wadda ke nuna mini hanya, ku kuma take nuna muku ɗigo a taswirar kwamfutarku, ku san inda nake. Ba kuɗi nake nema ba. Sunana ne ya ɓaci a garinmu ta dalilinta, shi nake so ku dawo mini da shi.

1. Batir. Da farko caji ɗaya yana kai ni yini. Bayan ƙaramar Sallah sai na'urar ta fara mutuwa tun kafin azahar. Na duba bayanta na ga murfin ya ɗaga, batir ya kumbura kamar fanke. Na sanar da ofis, aka ce in daina barin ta a rana. Ranka ya daɗe, har yau ban samu inuwar da ke bin babur daga Batsari zuwa Safana ba. Abin da na iya shi ne na saka mata tsohuwar safa, ta rage zafi.

2. Caji. Wayar da ke ba ta wuta daga batirin babur ba ta zama a raminta. Duk gargadar da na shiga sai ta zame. Na share ramin da tsinken tsintsiya, na ɗaure wayar da roba, na sayi sabuwa, na sa bakanike ya duba fis da batirin babur ya ce lafiyarsu lau. Na kai ta shagon caji ta yini a kan janareto: jar fitila tana kamawa, amma ba ta cika. Mai gyaran waya a Batsari ya ce sai an buɗe an canza batir. Na hana shi, don kun liƙa mata hatimi, kun ce duk wanda ya buɗe a bakin aikinsa.

3. Fuskarta. Da rana ba ka ganin komai a gilashin sai fuskarka. In yatsa ya yi gumi ba ta jin taɓi. Wani lokaci ta daskare a wuri guda, sai na danne maɓalli na jima kafin ta farfaɗo. Da yamma kuwa haske take zubawa kamar cocila. Wanda ya san yankinmu ya san ba a shiga ƙauye da magariba a kan babur da haske a gaba. Mukan kashe inji tun daga nesa mu tura, don kada mata su zaci ɓarayin daji ne su kwashi yara su faɗa gonaki. Wannan shi ne dalili na biyu na safar.

4. Abin da ya faru. A farkon daminar nan na fita zagayen Safana, wanda yakan ɗauke ni kwana biyu zuwa uku. Hanyar da nake bi zuwa Babban Duhu tana gilmawa ta gefen daji, wurin da ba mai tsayawa ko fitsari ya matse shi. Daidai nan na'urar ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke. Na danna maɓalli ina tafe, shiru. Na wuce, na yi wa shanun mutane allura, na kwana a shagon wakilinku na Safana kamar kullum, na ƙarasa zagayena. Wayata ba ta da sabis a mafi yawan wuraren nan, kun kuma sani.

Ranar da aka ɗaura mana na'urorin, injiniyanku da bakinsa ya ce in ta mutu, ɗigon yana tsayawa a inda ta mutu har sai ta sake kamawa. Amma ma'aikacinku da ke gaban kwamfuta bai tuna wannan ba, bai kuma kira wakilin Safana ba. Sai ya kira Mai Unguwarmu, wanda ya tsaya mini lokacin ɗaukar aiki. Mai Unguwa dattijo ne, kunnensa ya yi nauyi, a lasifika yake amsa waya, kuma yana zaune ne a ƙofar gida cikin jama'a. Kowa ya ji an ce: "Baba, yaronku kwanansa uku a bakin daji bai motsa ba. Ko kun san abin da yake yi a can?"

Magana zarar bunu ce. Kafin in dawo ta gama gari.

5. Abin da ya biyo baya. Wataƙila a ofis ba ku san nauyin kalmar infoma ba. A nan ita ce mafi muni da za a jefi mutum da ita: mai kai wa ɓarayin daji labarin wanda ya sayar da sa, da wanda ya aurar da 'ya. Ba wanda ya faɗa mini ita a fuska. Sai dai aka tuna cewa ina yawo da wani abu mai nuna hanyoyi, aka tuna ina rufe shi da safa, aka fara tambayar me nake ɓoyewa. Wakilinku na Safana ya yi wa Mai Unguwa bayani ta waya cewa a shagonsa na kwana. Aka ce abokin aikina ne, dole ya rufa mini asiri, na'ura kuwa ba ta ƙarya. Mai Unguwa ya kira ni zaure ya ce, "Sada, ni na yarda da kai, amma bakin mutane ba a hannuna yake ba."

Ban ga laifin mutanena ba. Mun binne 'yan'uwa, an kore mana shanu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma bari in gaya maka yadda abin yake a jikina.

Aikin nan na kaɗaici ne. Yini guda daga ni sai babur sai hanya. Abin da nake ɗokin dawowa gida dominsa shi ne ciyayya. Tun muna angwaye, ni da Tukur mahauci da Malam Iro mai gona kusa da tawa muke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana bayan magariba, kowa a fito masa da kwano daga gidansa, mu haɗa mu ci. Tukur ya tsokani miyar gidan Iro, Iro ya ce naman Tukur tun zamanin kakanni aka yanka. Ko faɗa muka yi da rana, kwano yana haɗa mu da yamma.

Daren da na dawo na shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zo. Washegari Tukur ya ce cikinsa ne ba daɗi. Malam Iro ya ce yanzu a gidan yayansa yake ci. Ba su yi mini rashin kunya ba, suna amsa gaisuwata, amma a taƙaice, ba "ya hanya", ba "ina ka kwana". In na iso majalisa sai hira ta koma kan ruwan sama. A masallaci kafaɗar da ke kusa da tawa tana barin ɗan fili. Na sha zafin rana da dukan ruwa a kan aikinku ban taɓa kuka ba, amma ranar da na ga kwanon gidan Tukur ya wuce ta gabana zuwa wata tabarma, na shiga zaure na zubar da hawaye. Kaɗaicin hanya yana ƙarewa in ka iso gida. Wannan a gida yake jirana.

Matata Binta ba ta daina zuba tuwon mutum uku ba. Na ce ta rage, hatsi ba ya da araha. Ta ce, "Ranar da na rage, na yarda ke nan ba za su dawo ba."

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, kuma shi ne babba: ku aiko injiniyanku garinmu da sabon batir da kwamfutar nan, ranar Juma'a bayan an sauko. Na'urar tana nan yadda ta mutu, hatiminku ba a taɓa ba. A nuna wa jama'a ɗigon yana bakin daji alhali babur yana gabansu a ƙofar Mai Unguwa. Sannan a buɗe, a sa batir, su ga ɗigon ya dawo gida da idonsu. Tunda na'ura suka yarda da ita, ita za ta wanke ni.

Na biyu, ma'aikacin da ya buga wayar ya biyo shi. Ba na so a kore shi, shi ma yana da masu ci a hannunsa. Ya dai faɗa a lasifikar da ya fara faɗa cewa kuskure ya yi.

Na uku, ku duba na'urorin sauran abokan aikina, ku ba mu izinin canza batir a gari mafi kusa, ku kuma rage mata haske. Biyu daga cikinsu sun ce tasu ma ta fara kumbura. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya albarkaci kasuwarku, Ya kare ka daga zargin da ba ka ji ba ba ka gani ba, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Kada Allah Ya nuna maka ranar da za ka ci abinci kai kaɗai a ƙofar gidanka.

Ranka ya daɗe, a taswirarku har yau ina bakin daji, a zukatan mutanena ma can nake. Ku kuka bar ni a can, ku zo ku ɗauko ni. Waɗanda za ku aiko kada su ci abinci a hanya. Akwai tuwon mutum uku.

Wassalam.

Naka ma'aikaci,
Sada Mamman,
daga yankin Darini, Ƙaramar Hukumar Batsari.