Baturiyar da ke ƙasan benenmu

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida? Mu nan birnin Lyon na Faransa lafiya lau, Baba yana Paris wurin aiki.

Ranar Asabar ina daka tattasai a turmi, sai tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ashe a garinsu, can arewacin Ireland, 'yan Katolika da 'yan Furotesta sun daɗe suna harbin juna cikin unguwanni. In soja sun shigo, mata sukan buga marfin kwandon shara a ƙasa don gargaɗi. Dakana ne ya tuna mata. Da aka kashe wanta ta gudo. Ta ce, "Kullum cewa nake baɗi zan koma, har uwata ta rasu ban gan ta ba."

Kaka, Baba ma baɗi yake ta cewa, ni kuma ina jin nauyinsa. Don Allah ki kira shi, ba ya ƙin maganarki. Ya kawo ni hutun bana.

Ki sa ni cikin addu'a. A gaida Gwaggo Habi da yaranta.

Jikarki,
Rakiya