Littafin Injin Gurza

Gusau, daren Talata, Nuwamba 1977

Yau manaja ya kira ni ofis, ya ba ni hannu a gaban kowa. Ya ce tun da aka raba littafin da na rubuta kan injin gurzar auduga, babu leburan da ya sake rasa yatsa. Wata huɗu na yi tsugune kusa da Malam Bawa makanike, yana kwance injin ina rubutawa, shafi ɗaya boko, shafi ɗaya ajami, don yawancin leburorin ajami suke karantawa.

Da na ga fuskarsa a sake, sai na tuna masa takardata ta neman zuwa kwas Kaduna, wadda ke teburinsa tun bara.

Dariya ya yi. "Haba Malam Sani, in ka tafi wa za ya rubuta muna na injin matsa? Ba mu da kamarka."

Sabo zai tura kwas ɗin. Sabon da nake gyara wa wasiƙa.

Mairo ta ji an yabi mijinta, ta soya mini zabo. Na ci, na gode mata, ban gaya mata sauran ba. Gobe da safe Malam Bawa zai kwance injin matsa. An ce in zo da biro biyu.