Ajamin Malam Gidaɗo

Talata Mafara,
14 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Mahmud,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zahra'u da yara. Yaya Maradun, yaya zaman ɗar-ɗar? Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Tunda aka katse layin waya na koma ga biro da takarda. Direban da zai kawo maka wannan ya ce zai riƙa karɓo mini amsa, saboda haka ba ka da uzuri.

Aiki ya sha mini kai. Sai da aka rufe makarantu yaran unguwa suka gano akwai ɗakin karatu a bayan gidajensu, shekara shida da buɗe shi. Kowace Asabar nakan rubuta sunayen littattafai uku a allo in ce su karanta, su kuma su lalubi wanda ya fi ƙarancin shafi. Shugabanmu Malam Zubairu kuwa ya ƙirƙiro sabuwa: wai ƙarshen watan gobe za a yi Ranar Tarihin Gari, a tara dattawan Mafara da Bakura da Maradun. Ka san wanda za a ɗora a kujerar gaba. Baba zai zo daga Bakura ya karanta wa jama'a littattafansa.

Littattafan nan goma sha ɗaya suna ɗakin ajiyarmu tun bara, da ya ji tsoron kada a tashe su daga gida ya bar su. Ranar da ya kawo su ina zaune a teburina ya wuce ni kamar kujera, ya damƙa wa Malam Zubairu, ya ce amana irin wannan sai namiji. Malam Zubairun da ko baƙi ɗaya na ajami bai sani ba! Ni kuwa tun ina shekara tara Baba yake zaunar da ni ina yi masa kwafi, har yatsana ya yi kanta.

Na san za ka ce na fara. Shekara arba'in Baba yana dillancin shanu yana bin tsofaffi da alƙalami. Ya san wanda ya haƙa rijiyar farko a Morai, ya san sunan kowane ƙauye da ruwan dam ya haɗiye, ya san kakan kakan kowa. Ranar da Inna ta cika yana Birnin Tudu, zaune gaban wani tsoho mara haƙori, alhali ya bar ta ko ruwa ba ta iya haɗiya. Sai da aka binne ta ya iso, da littafinsa a hammata. Kai kana makaranta a Sakkwato. A cinyata ta cika, kuma sunansa take kira. Kullum kana cewa in manta, don ba kai ka ji ba.

Ka gaida Zahra'u, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hanifa.


Talata Mafara,
3 ga Oktoba, 2021.

Yaya Mahmud,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarka, na ji daɗi da zazzaɓin yaran ya sauka. Wa'azin da ka cika shafi biyu da shi ma na gani. Ka karanta wannan kai kaɗai, ko Zahra'u kada ta gani.

Ruwan ƙarshen damina ya yoyo a ɗakin ajiya. Malam Zubairu ya ba Ɗantani umarnin ya kwashe komai, shi kuma ya tafi Gusau. Ka tuna Ɗantani, tsohon nan mai yi mana shara da gadi? Bai iya karatu ba, amma ko a hanya ya ga guntun takarda mai baƙaƙen Larabci sai ya duƙa ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya cusa a tsagar bango don kada a taka. Ya tarar kwalin Baba ya jiƙe, bangon littattafan ya saki, shafuka sun warwatse. Takardun boko ya ware wa masu ƙosai. Waɗannan kuwa sai da ya yi alwala kafin ya taɓa su, ya zuba a buhu mai tsabta.

Da hantsi ya kawo mini buhun, don ni kaɗai ce a wurin mai karanta irin rubutun. Ya tambaye ni ko tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani ne, ya ƙone su kamar yadda ake yi, kada su wulaƙanta. Ka san Baba ba ya fara shafi sai da bisimilla, to ita Ɗantani ya gane.

Yaya, ban ruɗe ba. Na gane hannun Baba tun kafin in duƙa. Yawancinsu ma sun bushe, da an shanya su yini ɗaya da sun karantu tsaf. Na zaro ɗaya, sai ga labarin Birnin Tudu, da watan da aka rubuta shi a ƙasa. Watan da ka sani. Rubutun a natse, ko ɗigo bai karkace ba. Na mayar da shi cikin buhun, na ce wa Ɗantani ya yi abin da ake yi.

Ya share wuri a gindin darbejiya ya hura wuta, yana sa su kaɗan-kaɗan da hannu biyu yana salati. Ina tsaye a taga har suka ƙare. Ya haƙa rami ya binne tokar, sannan ya zo ya yi mini godiya, wai na ba shi hanyar samun lada.

Ban yi kuka ba. Abincin rana ma har ƙari na yi. Na gaya maka ne don abin ya yi mini nauyi ni kaɗai, ba don ina neman fatawarka ba.

Ƙanwarka,
Hanifa.


Talata Mafara,
31 ga Oktoba, 2021.

Yaya Mahmud,

Ina gaishe ka da iyali, ko da yake wasiƙarka ba da gaisuwa ta fara ba. Ka ce zuciyata dutse ce. To ga labarin jiya, ka ƙara da shi.

An kafa rumfa, an jera kujeru, dattawa sun zo duk da halin hanya. Baba ya iso da farar rigarsa ta Sallah, ana riƙe masa hannu don idon ya ƙara lalacewa. Sai a safiyar Malam Zubairu ya tuna a fito da kwalin. Da ya ji abin da ya faru, a gaban jama'a ya kira Ɗantani, ya ce masa jahili, ya ce dabba ma ta fi shi, ya karɓe makullan daga hannunsa. Tsohon ya durƙusa, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni. Na ci gaba da jera kofuna.

Da Baba ya buɗe baki cewa ya yi a ƙyale bawan Allah, sunan Allah ya girmama, kuma ba a taɓa yi wa rubutunsa ladabi irin wannan ba. Daga nan ya ce zai faɗi abin da ke kansa. Da ma bai fara ba. Ya haɗa sarakunan wani gari da na wani, ya haƙa rijiyar Morai har sau uku, ya tsaya cak yana laluben suna da leɓe. Samarin baya suka fara dariya. Wani dattijo daga wajenku ya miƙe ya gyara masa, gyaran ma ba daidai ba ne, na sani don da hannuna na kwafi wurin. Ban gyara musu ba. Daga ƙarshe Malam Zubairu ya fara tafi don a rufe masa baki, jama'a suka bi.

Na kai masa ruwa. Ya sa mini albarka. Ya roƙe ni in riƙa zuwa Bakura ranar Juma'a ya faɗa ina rubutawa, ko za a tsira da wani abu. Shekara goma sha huɗu, tun rasuwar Inna, ina jiran ranar da zai roƙe ni wani abu. Na ce masa aiki ya yi mini yawa.

Ka ce in fito in wanke Ɗantani. Yana da 'ya'ya manya, ba zai kwana da yunwa ba. Kai kuma da kake ba da umarni daga Maradun, jinyar wa ka taɓa yi? Ka bar ni da Allahna.

Ƙanwarka,
Hanifa.


Talata Mafara,
21 ga Nuwamba, 2021.

Yaya Mahmud,

Sallama da gaisuwa. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san lafiyarka ƙalau, tunda har ka iya hawa mota ka je Bakura da wasiƙata a aljihu. Bilkisu maƙwabciyarmu ta Bakura ta gaya mini ka zauna a zaure ka karanta masa ita daga sama har ƙasa, har da maganar abincin rana. Amana na ba ka, Yaya. Allah Ya isa ban ce ba, amma ta zo bakina.

An mayar da Ɗantani bakin aikinsa. Baba ne ya aiko wa Malam Zubairu, bai ambaci sunana ba. Yanzu kowace safiya tsohon nan sai ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi gajiya. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Ran Laraba Malam Zubairu ya ajiye mini wani ɗan littafi a tebur, irin na 'yan firamare, ya ce sabon tarihin Malam Gidaɗo ne, wato Baba, in buga hatimi in sa a kanta. Na buɗe na ga rubutunka. Ashe abin da ya saura a kan Baba tarihin gidanmu ne kawai, tun daga kakanninmu da suka sauka da shanu. Na karanta shafi huɗu da ya yi a kan Inna. Ya tuna zanen da ta ɗaura ranar da ya fara ganinta a kasuwa. Ya faɗi inda yake ranar da ta rasu, bai kare kansa ba. A nan na yi kukan da ban yi ba a taga.

Sai na juya shafi. An rubuta cewa Maimunatu, wato Inna, ta haifa masa 'ya'ya biyu, Mahmud da Ahmad. Har Ahmad da ya kwana tara a duniya an sa shi, da ranar sunansa. Na duba baya, na duba gefe, na ɗaga shafin a hasken taga. Hannunka bai yi rawa ba da kake rubutawa? Na buga hatimin. Yara biyu har sun ara.

Shekaranjiya Juma'a na je Bakura, da sabon littafi da alƙalami a jaka. Na same shi a zaure. Na durƙusa na yi sallama, ya amsa da kyau. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Mafara, gaisuwa cikakkiya ba ragi. Na ce Baba ni ce, na zo mu fara. Ya juyo da fuskarsa wajena, a natse, ba faɗa ba ɗaga murya, ya ce in yi masa afuwa ido ya tafi, 'yar gidan wa ce?

Ya jira, sannan ya kira Bilkisu ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka, ko an rubuta ko ba a rubuta ba,
Hanifa.