Ku Daina Ce Min An Ɗan Yi Ɓarna

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ciwon ƙafar? Ni lafiya lau, an yi aikin idon, ina gani tar. Ɗakin da 'yata ta ba ni a bene yake, ba mai leƙowa hira, amma ina ci ina sha, ba zan yi butulci ba.

Sai maganar ambaliya. Duk wanda na kira sai ya ce, "An ɗan yi ɓarna." Ɓarna ai akuya ce ta shiga lambu, a yi faɗa, a gyara shinge. Jiya a rediyo na ji an ce ruwa ya shafe unguwarmu. Abin da aka shafe ba ya gyaruwa. Na san halinku, ranar da mai gidana ya rasu ma cewa kuka yi jikin ya ɗan matsa.

In ɗakina ya tafi, ya tafi, ƙasa ce. Ke a ina kike kwana? Wannan ne ba wanda ya gaya min. Na sa surukina ya shigo da katifa ta biyu. Ki taho, zan jure munsharinki.

Allah ya mayar mana da alheri.

Yayarki