Takwas ɗin da ke jikin tanki ba ita ce takwas ɗin geji ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar wa ƙanena injin iska,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Ranka ya daɗe, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Sakkwato. Na zo ofishinka, aka ce ka yi tafiya. Na sake dawowa, mai gadi ya hana ni shiga. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ƙanena Bello fentin mota yake yi a Tudun Wada. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce ya sayi kwamfuresa, wato injin iska, a wajenku. Ma'aikacinku da ya zo haɗawa ya tarar makunnin da ke kashe injin da kansa ba ya aiki. Ya ce wa Bello ya riƙa kashewa da hannu idan allurar geji mai auna matsin iska ta kai takwas, kafin a kawo sabo. Bello ya tayar da inji ya tsaya yana kallon allura. Ba ta ko kai biyu ba tankin ya fashe. Yau ƙanena ba ya ji da kunnen hagu, hannun da yake riƙe bindigar fenti da shi kuwa an yanke masa yatsu biyu.

Da na je na duba ɓaraguzan, ga abin da na gani.

Na farko, a jikin tanki an rubuta iyakarsa takwas, amma da ma'aunin bar. Gejin da kuka ɗaura kuwa da ma'aunin MPa yake ƙirga. MPa ɗaya bar goma ce. Wato tun allura ba ta kai ɗaya ba tanki ya riga ya cika, takwas ɗin da aka ce Bello ya jira kuwa bar tamanin ce. Umarnin ma'aikacinku ya bi, ba ganganci ya yi ba kamar yadda yaran shagonku ke faɗa wa mutane.

Na biyu, bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya yi yawa babu shi. Toshe ramin aka yi da noti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba Bello kaɗai kuka sayar wa ba. Na ga irin wannan inji da irin wannan geji a wajen wani mai faci a Gidan Igwai, dab da rumfar da mata ke sayar da abinci. Na roƙe shi ya kashe, ya kashe. Sauran fa, wa zai gaya musu?

Don haka ina roƙonka ka aika a nemo duk wanda ya sayi wannan inji, a canza masa geji, a sa bawul. A manna bayani da Hausa, boko da ajami, a ja jan layi inda allura za ta tsaya. Ka koya wa ma'aikatanka cewa lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi ma'auninta. Sannan ka zo da ƙafarka ka duba Bello, ka faɗa a gaban iyalinsa cewa ba laifinsa ba ne.

Allah Ya ba ka ikon gyarawa kafin wani tankin ya fashe, Ya tsare ka da iyalinka daga irin abin da muka gani.

Wassalam.

Yayan Bello,
Gidan Dahala, Sakkwato.